Gwangwanin Yajin Inna

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga unguwar Nima a Akra, zuwa ga Babana.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ka sauka lafiya. Allah Ya sa ka taka ƙasar Jamus da ƙafar dama, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baƙunta, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya rufa maka asiri a inda babu wanda ya san sunan ubanka. Idan kana karanta wannan takarda, to ka buɗe jakarka ke nan, ka tarar da gwangwani shuɗi a tsakanin rigunanka da ita naɗe a jikinsa. Ni na cusa shi lokacin da ka fita sallamar abokan aikinka na kasuwar kayan mota ta Abossey Okai. Na san da ka gani da ka ce jaka ta yi nauyi, kamar ba kai ne kake ɗaga injin mota da hannu ba.

Ka yi haƙuri da rubutun, ajamin da Malam ya koya mini ne tun ina yarinya, kuma ido ya fara gajiya. Ba labarin gida zan ba ka ba, jiya-jiya ka bar shi. Magana ce da na kasa faɗa maka baki da baki. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ka ci, shi ya sa tun da aka haife ka ban taɓa kama sunanka ba, ban taɓa yaba ka a gaban mutane ba. Matan Nima sun yi ta yi mini dariya a kan haka, suna cewa mu mutanen Nijar kunyarmu ta yi yawa. To, takarda ba ta da ido, zan iya faɗa mata abin da na ga dama. Ina kewarka tun kafin ka tafi. Tun ranar da ka shigo da fasfo a aljihu abinci ya daina yi mini daɗi.

Abin da ke cikin gwangwanin ka san shi, yajin zaƙin nan ne da ka tashi a kansa, wanda kake barbaɗawa a soyayyar doya da gasasshiyar masara da ɗanyen mangwaro, har na taɓa kama ka kana lasarsa haka nan daga tafin hannu. Ka san ɗanɗanonsa, amma ba ka san yadda ake yin sa ba, kuma ni na jawo. Kana ƙarami ka cika son tsayawa kusa da turmi. Wata rana ka ɗauki taɓarya da ta fi ka tsawo, sai Anti Adiza maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce, “Kai Hajara, bar yaro ya je ƙwallo, namiji ba shi daka koraa.” Na ji kunya, na ƙwace taɓaryar na kore ka. Daga ranar ba ka sake matsowa ba. Yau ga shi za ka zauna a ƙasar da babu mace ko ɗaya da za ta daka maka, Anti Adiza kuma tana nan tana sayar da kokonta hankali kwance. Don haka idan Allah Ya ba ka ɗa, duk abin da ya miƙa hannu zai koya, ka bar shi ya koya, kada ka kore shi saboda bakin maƙwabta. Ciki bai san namiji ko mace ba.

Yanzu sai in koya maka a takarda abin da ya kamata in koya maka a tsakar gida. Ba zan iya ba ka awo ba, don ban taɓa auna shi da komai ba sai hannu, hannunka kuma ya yi biyun nawa. Zan dai gaya maka inda na yi tuntuɓe, ka kauce.

Kayan ba su da yawa. Akwai ganyen ɗoɗɗoya da na na'ana'a, akwai busasshiyar citta, da kanumfari, da masoro, da barkono ɗan kaɗan wanda zai tsikari harshe kawai, sai gishiri, sai mazarƙwaila. Wata mata da ɗanta ke can ta ce mini ana samun jan sukari a kantunan Larabawa da Turkawa, kuma suna sayar da ganye a bushe. Idan gaskiya ne ka yi sa'a, ka sayi jan, ka bar farin don shayi. Amma ka sunsuna ganyen kafin ka saya.

Ganye shi ne ya fara kunyata ni a garin nan. Mahaifinka ya ɗauko ni daga ƙauyenmu na bayan Madawa ina amarya, ya ajiye ni a ɗaki ɗaya a gidan haya, shi kuma ya koma wajen albasarsa a kasuwa. Ban jin yaren Ga, ban jin Tuwi, Hausar Zango ma sai na kasa kunne, don mace sai ta ce mini “kai”, in waiga ina neman namijin da take yi wa magana. Kewar gida ta ishe ni, na ce bari in daka yajin Inna ko na ji ƙamshin tsakar gidanmu. Na sayi ɗoɗɗoya a kasuwar Laraba. A gida Inna a ƙarƙashin rumfa take shanya ganye, a inuwa, ya yi kwanaki yana bushewa a hankali. A Nima ina rumfa? Kuma ina sauri. Sai na hau kujera na baza shi a kan kwanon ɗaki, rana ta gasa shi wuni guda. Da na sauke, ya yi baƙi, na murza na sunsuna, babu abin da na ji sai ƙurar kwano da hayaƙin unguwa. Na zauna na yi kuka kamar an yi mini mutuwa, ba don ganyen ba. Ka shanya naka a inuwa inda iska ke wucewa, ka bar shi har ya riƙa karyewa amma yana nan kore. Kai ma haka za ka yi da kanka a can. Kada ka ce sai ka zama ɗan gari cikin wata guda, ka kwashe harshensu da tafiyarsu da shigarsu a lokaci ɗaya. Na ga samarin da suka yi haka suka dawo nan, ana kiran su boga, sarƙa a wuya, ba su iya gaida tsoho ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Idan ganye ya bushe ka ajiye shi gefe. Masu tauri ake fara dakawa, citta da kanumfari da masoro da barkono, a tankaɗe, a sake daka tsakin. Ganye kuwa ba ya son duka, da tafin hannu ake murza shi. Na sa maka ɗan ƙaramin turmi a cikin takalminka na sanyi, kada ka yi mamaki idan ka zura ƙafa. Wannan turmin na yaji ne kaɗai. Ni da farko ban da nawa, sai na ari na wata ’yar ƙasar nan da muke ce wa Maame, da ke ɗakin ƙarshe, mutuniyar kirki, ta wanke shi tas ta ba ni. Na daka, na raba wa matan gida don in yi gwaninta. Anti Adiza ta lasa ta ce, “Yaji naka ya yi daɗi paa, amma yana warin momoni.” Momoni kifin nan ne mai gishiri da suke sa wa miya, wanda ko daga bakin ƙofa ka san ana dafa shi. Ashe itace yana riƙe abin da ya daɗe yana sha, ruwa da soso ba sa fitar da shi. Aka yi wata guda ana ce mini mai yajin kifi. Ka kula da inda kake kwana da waɗanda kake cin abinci da su. Ba na ce mutanen banza ne ba, Maame ba ta cuce ni ba, turminta ta ba ni da zuciya ɗaya. Amma abin da ka daɗe a cikinsa za a ji shi a jikinka ko kai ba ka ji.

Gishiri sai an soya shi a busasshen kasko. Wannan ma Akra ce ta koya mini, don a garinmu gishiri ba ya gumi, a nan kuwa iskar teku tana shiga ko'ina, ka bar abu a buɗe da safe da yamma ya yi danshi. Amma idan ka soya, ka bar shi ya huce sarai. Na taɓa juye shi da zafinsa a kan mazarƙwaila, ranar muna da baƙi kuma kai kana bayana kana tsala kuka. Nan take ta narke, ta kama turmi da taɓarya kamar ƙaro, har mahaifinka ya ce ko alewa na koma yi. Zaƙi shi ne na ƙarshe. Sai komai ya huce, ka kankare mazarƙwailar ko ka zuba jan sukarin, ka juya a hankali, ka ɗanɗana. Idan zaƙi ne ya fara gaishe ka, ya yi yawa. Gishiri ya kamata ya fara zuwa, ƙamshin ganye ya biyo, zaƙin ya zo daga baya ya lallashi harshe. Da mutane ma kada ka fara da zaƙin baki. Kuma maganar da za ta yi daɗi, kada ka faɗe ta ga wanda ransa ke tafasa, ka jira ya huce. Na san halinka, kai ma kaskon ne, da wuri kake ɗaukar zafi.

Ka tuna shekarar yunwa, lokacin da kantuna suka zama babu komai sai kanta? Kana makarantar firamare, wuyanka ya yi tsawo kamar na kowa. A lokacin na riga na fara sayar da yajin a ƙananan ƙulli ranar Laraba. Sukari ya ɓace, mazarƙwaila kuwa sai a mafarki. Wata ta nuna mini sakarin, ƙwayoyin nan farare da masu koko suka koma sa wa, na niƙa na zuba ban gaya wa kowa ba. Zaƙi kam ya yi zaƙi, amma yana barin ɗaci a maƙogwaro. Babu wanda ya zage ni. Wata tsohuwa ’yar unguwar Maamobi da ba ta taɓa fashin saye ba ta riƙa wucewa ta gaban tirena tana gaishe ni da fara'a, ba ta tsayawa. Da zagi ta yi da ya fi mini sauƙi. Idan ka rasa wani abu, ka daka ba shi, ka ce wa masu ci yau babu kaza a ciki. Idan kuma ba ka samu aiki ba, ko ka samu wanda bai kai wanda ka bari ba, ka faɗa mana haka. Kada ka jingina da motar wani ka ɗauki hoto ka aiko mana. Ni na haife ka, zan gane motar ba taka ba ce daga yadda ka ɗora hannu.

Saura maganar gwangwanin, ita ce dalilin takardar nan, sauran duk share fage ne.

Ka duba gefensa za ka ga ya lotsa. Ba ni na saye shi ba, na Inna ne, kakarka da ba ka taɓa gani ba. Inna ba ta rubutu. Bayan an kawo ni Akra, sai ta cika gwangwanin nan da yajinta ta ba Malam Garba, direban motar albasa ɗan garinmu, wanda yake sauke wa mahaifinka kaya. Ta ce ya gaya mini idan na cinye in mayar da shi, za ta sake cikawa. Shi ke nan ya zama wasiƙarmu. Idan ya zo mini a cike, na san Inna tana da rai, kafaɗarta na iya ɗaga taɓarya. Idan ya koma mata babu komai, ta san ’yarta tana lafiya, tana cin abinci, kuma har yanzu tana bukatarta. Yana sauka da albasa, yana hawa da goro. Ana cewa zumunta a ƙafa take, tamu a cikin gwangwani take, a ƙarƙashin kujerar direba. Ina daka nawa a nan, har ina sayarwa, amma nata daban ne. Idan na buɗe murfin sai in ji kamar na ɗaga labulen ɗakinta. Ban taɓa tambayar ta me take yi da nawa bai kai ba, ina ganin ai gwangwani zai ci gaba da zuwa.

Gab da shekarar yunwar nan ya zo a cike, sai aka rufe iyaka, motoci suka daina shigowa. Tsoro ya kama ni. Na ce watakila wannan shi ne na ƙarshe, idan na cinye shi me zai rage mini na Inna? Sai na naɗe shi a zane na tura ƙasan kwallata, na ɗora kayan sallah a kai. Kuna cin gayan dafaffen rogo, abin da zai sa ku lashe hannu yana nan a ɗaki, ban buɗe ba. Ina ganin ƙauna ce nake yi.

Da aka buɗe hanya Malam Garba ya dawo, ya rame shi ma. Bayan gaisuwa ya miƙo hannu ya ce in kawo gwangwani. Na ce bai ƙare ba tukuna. Ya tafi. Da albasa ta sake fitowa ya dawo, ya zauna a kan bencin ƙofar gida ya ce, “Innakki ta ce in tambaye ki, ko yajin nata ya bar yi miki daɗi na?” Na yi dariya, na ce ya gaya mata daɗinsa ne ya sa nake lallaɓa shi. Na ba shi turmin atamfa da sabulu da goro mai kyau ya kai mata, ina jin kaina ’ya ta gari. Ya karɓa ya tafi.

Zuwansa na gaba bai tambayi gwangwani ba. Tare da mahaifinka suka shigo da rana tsaka, lokacin da mahaifinka ba ya barin kasuwa, tun daga nan na gane Inna ta rasu. Bayan an yi addu'a Malam Garba ya ciro wani ƙulli a tsumma ya ajiye a gabana. Ya ce a ƙarƙashin gadonta aka same shi. Tun ranar da ta ji an buɗe hanya ta daka, ta ƙulle, tana jiran gwangwani ya zo ta juye. An ce mata ta bayar haka nan a tsumman, ta ce a'a, idan yarinyar tana so za ta aiko. Atamfar da na aika tana nan a naɗe, ba ta ɗinka ba.

Da mutane suka watse na ciro gwangwanin daga kwalla na buɗe. Danshin Akra ya bi ta bakin murfi ya shiga, yajin ya dunƙule ya zama dutse. Na kwance ƙullin tsumman, shi kuma ya bushe ya koma gari, ƙamshin ya tafi. Na sa hanci a wannan, na sa a wancan, ban ji Inna ba ko a ɗaya. Ni ina gadin nawa a nan, ita tana gadin nata a can, babu wanda ya ci. Da wuƙa na fasa na cikin gwangwanin na fitar. Ba na gaya maka wannan don ka ji tausayina ba, na yi kukana ya wuce, kuma na san ajali ba ya jiran gwangwani. Amma ta tafi tana zaton na daina bukatarta, wannan kam har yau idan na tuna sai in ajiye taɓarya in zauna.

Shi ya sa nake roƙonka, Babana, ka ci yajin nan. Kada ka ajiye shi a saman kabad kana kallo don na mahaifiyarka ne. Na san ka, a wajen ajiya ni ka gado, har yanzu takalmin sallarka na shekaru uku yana cikin kwalinsa. Ka barbaɗa a dankalinsu, ka barbaɗa a ƙwai, ka sa a duk abincin da ba shi da ɗanɗano, an ce mini irinsa ya fi yawa a can. Ka ba abokan ɗakinka, ka ba Bature ma idan ya yi sha'awa, sai dai ka ajiye masa ruwa kusa. Ka rufe murfi da kyau bayan kowane ci, kada ka sa jiƙaƙƙen cokali. Ka yi ta ci har ka ga ƙasan gwangwani.

Ba zan ɓoye maka ba, da na zauna rubutun nan zuciyata ta ce in rage abu ɗaya a cikin kayan haɗin, don naka ya kasa kai nawa, ka riƙa nema na. Na ƙi. Duk abin da na sani na rubuta maka, ban rage ko ƙwayar masoro ba, don ranar da babu ni kada ka tsaya kana sunsunar dutse. Ka daka naka, ka iya, ka fi ni. Amma duk da haka ka aiko mini da gwangwanin. ’Yan Nima ba sa rabuwa da hanyar nan, kullum akwai mai dawowa biki ko ta'aziyya, ba zai yi masa nauyi ba.

Na san an koya maka ba a mayar da kwano babu komai, ni ma na koya maka. A kan wannan ɗaya na ɗauke maka. Kada ka sa agogo, kada ka sa turare, kada ka bari rashin abin sawa a ciki ya sa ka jinkirta. Ko wanke shi kada ka yi, ina so in buɗe in ga sawun yatsanka inda ka sharce ƙasan.

Mahaifinka yana sa maka albarka, bai san na rubuta wannan ba. Ka riƙe sallarka, ka rufe ƙirjinka daga sanyi. Allah Ya kiyaye fitarka da shigarka, Ya tsare ka daga abin da muke tsoro da wanda ba mu sani ba, Ya ba ka halal mai albarka, Ya sa in sake ganin ka da idona ka sunkuyo ta ƙofar nan da ta yi maka gajarta. Amin.

Na sayi sabuwar ɗoɗɗoya ranar Laraba, tana nan a shanye a inuwa a bayan ƙofa. Ba zan daka ba sai na ga gwangwani. Kada ka bar ni da ƙulli a tsumma.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Hajara